Bishiya Ɗaya, Sammaci Biyu

Sugar Cove, Karolina ta Arewa
9 ga Maris, 1987

Zuwa ga 'yata Maxine,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Gene da yara a can Dayton. Ni lafiya ƙalau, in ban da gwiwar hagu da ke gaya mini za a yi ruwa tun kafin rediyo ya sani. Kunnen ma yana nan yadda kika bar shi, shi ya sa har yau ban sa tarho ba, kuma ba zan sa ba. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san aji uku na yi aka cire ni zuwa gona. Ubanki ɗan baffana ne, kuma duk cikin zuri'ar Ledford da suka watsu a Ohio ke kaɗai ke amsa wasiƙa, don haka ke za ki sha wahalata.

Magana ta farko, takardar furanni. Ranar Ado Lahadi ta biyu ce a watan Yuni kamar kullum, a share kaburbura, a tada musu ƙasa, a kafa furanni, a yi waƙa a ci abinci. Arbutus Crisp, gwauruwar nan maƙwabciyata, ita ke naɗa furannin, ta ce shagon gari ba su kawo jar takarda ba bana. Ki aiko. Matata, goggonki Ozella, ja take so tun tana da rai, ba zan canza mata don ta kwanta ba.

Magana ta biyu, don kada ki ji a bakin wani. Kin tuna ƙatuwar bishiyar nan ta kusurwar maƙabartarmu, a kan tudun da ke bisa titin jiha? Tsawa ta faɗa mata shekara biyu da suka wuce, ta bushe, ta karkata daidai kan Ozella da Inna. Sau uku na rubuta wa ofishin Gandu, wato gandun dajin gwamnati, su zo su sare ta. Ko mun gani ba su ce ba. To ranar Laraba na sa injin yankan itace a bayan a-kori-kura, na hau na sare ta da kaina. Ko dutsen kabari ɗaya ban taɓa ba. Shekarata saba'in da shida, amma har yanzu inda na ce bishiya ta kwanta nan take kwanciya. Gangaren ne kawai na manta da shi. Tana kwanciya sai ta mirgina, ta tafi da shinge, ba ta tsaya ba sai tsakiyar titi. Motar madara ta yi awa biyu tana jira.

Dewey Rathbone, ɗan sandan gunduma, shi ya fara isowa. Na san shi tun yana yawo ba wando. Ya taya ni jan rassa, sannan ya rubuta mini sammaci wai na tare hanyar jiha, yana rubutu yana ba ni haƙuri. Bai rufe littafinsa ba sai ga malamin daji, sabon nan dogo ɗan Pennsylvania, mai sunan da ba ya faɗuwa. Ni Mai Hula nake ce masa. Shi ma ya rubuta nasa, wai na sare bishiyar gwamnatin tarayya. Na ce masa ya makara, an riga an kama ni. Ya ce a cikin Gandu dokar jiha tana aiki, ta tarayya ma tana aiki, kuma in ban yi hankali ba kotunsu tana iya hana ni taka Gandu shekara guda cur. Na yi masa dariya. Tun 1934 da suka kore mu daga kwarinmu suka sa masa suna Gandu, ban taɓa fashin Ranar Ado ba sai shekarun da nake soja.

Yanzu dai takardu biyu ne a ƙarƙashin gwangwanin sukari. Ta gunduma 24 ga wata, ta tarayya 7 ga Afrilu can birni, mil saba'in. Ta gunduma zan je. Baba bai taɓa sa hannu a takardarsu ba, ƙasar nan ba tasu ba ce, balle bishiyar da kakana ya sha inuwarta.

Baffanki,
Vestal Ledford

Dayton, Ohio
16 ga Maris

Baffa Vestal,

Muna lafiya, sai Gene da ya zame a wurin aiki ya karya ƙafa. Yana kwance yana ba kowa umarni, har ya fara tuna mini da wani tsoho da na sani. Na sa jar takarda a gidan waya, ɗauri shida, ka gaishe mini da Goggo Arbutus.

Baffa, mutum mai ciwon gwiwa da injin yankan itace a kan tudu, shi kaɗai? Gene ya yi dariya har sai da ƙafar ta hana shi. Ni ban yi ba.

Na nuna wa lauyan da nake buga wa takardu wasiƙarka. Ya ce sammacin gunduma ba abin damuwa ba ne, tunda ka gyara hanyar za su sallame ka. Na biyun shi ne mai haƙora. Malamin dajin gaskiya ya gaya maka: a irin wannan Gandu gwamnatoci biyu ne ke da hannu, kowacce da dokarta da kotunta, kuma ba kai ke zaɓen wadda za ka amsa ba. Ka je duka biyun. Ka sa rigar coci, ka aske gemu, kuma kada ka kira mutumin nan Mai Hula a gaban alƙali.

Abin da nake tsoro ɗaya ne. In suka hana ka shiga shekara guda, Yuni yana ciki. Wa zai tada ƙasar kabarin Goggo Ozella?

Na kuma rubuta wa ofishin ajiyar takardun filaye na gundumarku su aiko mini da kwafin takardar gonar Kaka Amos, babanka. Ko akwai abin da zai taimake ka a ciki.

'Yarka,
Maxine

Sugar Cove
26 ga Maris

'Yata Maxine,

Gaisuwa. Takardar ta iso, Arbutus ta ce jan ya yi duhu, amma Arbutus ko Aljanna ta shiga sai ta ce ba a share kusurwa ba. Ki ce wa Gene ya sa wa ƙafar man kitsen alade da ɗumi, likitoci ba za su gaya masa ba.

To an yi shari'a, kuma baffanki ya ci. Na sa rigar coci kamar yadda kika ce. Gemun dai yana nan. Alƙali Fouts ne a kan kujera, wanda na taɓa sayar wa ubansa alfadari, kuma alfadarin kirki ne, don haka ba kunya tsakaninmu. Ya tambayi Dewey ko hanya ta buɗe, ya ce tun ranar. Ya tambaya ina itacen, na ce rabi yana murhun coci, rabi yana bayan ɗakin Arbutus. Ya tambaya ko wani ya ji ciwo, Dewey ya ce sai direban madara da ya ji haushi. Sai alƙali ya cire tabarau ya ce, "Je ka gida, Vestal. Ka bar wa masu gwiwa saran itace." Duka-duka ba a yi minti goma ba. Muka tsallaka titi ni da Dewey muka ci wake da burodin masara.

Maganar lauyanki na karanta, sau biyu ma. Ba na raina shi, amma mutumin Ohio ne. Akwai abin da na koya a soja, wani saje ya karanta mana daga littafin dokar ƙasa, kuma ban manta ba: ba a yi wa mutum shari'a sau biyu a kan abu ɗaya. Bishiya ɗaya na sare, Maxine. Sau ɗaya ta faɗi. Alƙali ya duba ya ce in je gida. In 'yan tarayya suna da magana da sun zo ranar Talata sun faɗa, ai benci akwai wuri. Ba zan ƙona mai mil saba'in in je in tsaya gaban wanda bai san inda aka haifi ubana ba.

Takardarsu ma ba ta yi asara ba. Mai kauri ce, na naɗe irin tumatir a ciki.

Kada ki wahalar da kanki da takardar gonar Baba. Na san abin da ke ciki, babu hannunsa. Ina tsaye a tsakar gida ranar da ya kori mutanensu da sandar fartanya.

Baffanki mai gaskiya,
Vestal

Dayton
1 ga Afrilu

Baffa,

Muna lafiya, amma yau ba doguwar gaisuwa. Don Allah ka warware irin tumatir ɗin nan ka tafi birni ranar Talata.

Sajenka bai yi ƙarya ba, rabin maganar ya karanta muku. Gwamnati ɗaya ce ba ta yi wa mutum shari'a sau biyu. Nan kuwa biyu ne. Kuma ma ba abu ɗaya suke nema ba: Alƙali Fouts hanya ya duba, su bishiya suke tambaya. Ka ɗauka saniyarka ce ta ɓalle ta ci masarar Arbutus, ta wuce ta tattake kabejin fasto. Don Arbutus ta yafe, fasto ba zai zo ƙofarka ba?

In ba ka je ba za su fitar da takardar kamu, kuma alƙalin da zai iya yi maka sassauci zai fara saninka a matsayin wanda ya raina shi. Ka sa Arbutus ta tuƙa ka. In ta ƙi, ka gaya mata ni na roƙa.

Maxine

Sugar Cove
20 ga Afrilu

Maxine,

Gaisuwa. Lafiyata lau, raina ne ba lafiya. Wasiƙarki ta ɗaya ga wata sai ranar tara ta shigo hannuna. Ran uku ga wata dusar ƙanƙara ta sauko mana, a Afrilu fa, itatuwan tuffa sun riga sun yi huda. Ta kai gwiwa, mai kawo wasiƙu ya yi kwana shida bai hau kwarin nan ba. Ba zan ɓoye miki ba, ko da ta iso da wuri ban san ko da na je ba. Amma maganar saniyar ta zauna mini. Na yi kwana biyu ina neman inda ta karkace ban samu ba.

Ranar Juma'a ina gyaran amya sai ga koriyar mota. Mai Hula ne, shi kaɗai. Ya cire hular tun daga ƙofar shinge, abin da ban zata ba, ashe sanƙo gare shi, yaro ɗan shekara talatin. Ya ce an ba shi takardar kama ni, amma ya roƙi alƙaliya ta bar shi ya kawo sabon sammaci maimakon ankwa. Mace ce ashe. Na ce to ya ajiye ya tafi. Ya ce sai na karɓa da hannuna. Muka tsaya muna kallon juna har ƙudan zuma suka fara sha'awar sanƙon, dole na shigar da shi barandar. Tunda ya zauna a gidana kuwa ba zan bar shi haka ba, na kawo burodin masara da zuma. Ya ci uku. Bai san ana tsoma shi a madara ba, sai da na nuna masa.

Can ya gaya mini abin da ya kawo shi da gaske. Sabuwar rana 12 ga Mayu. Saboda ban je ta farko ba, lauyan gwamnati zai nemi a hana ni shiga Gandu shekara ɗaya. Ya ce shi ba ya so, amma ba shi ke yankewa ba. Ya ce in na amsa laifi na sa hannu, akwai hanya. Na ce masa Ledford ba ya sa hannu.

Ya tambaye ni wane ne a kabarin da ke da ƙaramin dutse fari kusa da na Ozella. Ban san ya lura ba. Na ce ɗanmu ne, kwana tara ya yi. Ya sa hularsa ya tafi.

Ga abin da na yanke. Zan je birnin, don kada a ce tsoro nake. Zan gaya wa matar nan komai tun daga kakana. Amma hannu ba zan sa ba. In sun hana ni, ranar 14 ga Yuni zan hau tudun da fartanyata, su zo su kama ni a gaban fasto da kwanonin soyayyar kaza. Shekara hamsin da uku nake jiran ranar da za su tsaya su ji ni.

Vestal

Dayton
27 ga Afrilu

Baffa Vestal,

Ina gaisuwa. An cire wa Gene filasta, yana dogara sanda. Na gode Allah da ba ka kori mutumin nan ba, ga alama ɗan kirki ne.

In suka kama ka a kan tudu, Baffa, za ka ji daɗi na rabin awa, mutane su yi ta labari. Sannan kana cikin mota Arbutus ce za ta tada ƙasar Goggo, kuma kai da bakinka ka ce ba ta iya ba.

Kwafin takardar gonar ya iso, ga shi na haɗa. Na yi kwana uku ina tunanin ko in aiko. Abu biyu ne a ciki. Na farko, ba gwamnatin tarayya ce ta karɓi gonar daga hannun Kaka Amos ba. Jiha ce ta karɓa, daga baya ta miƙa musu. Hatimin da ke ƙasa na kotun gunduma ne, wadda ka ci wake a gabanta.

Na biyu ka duba shafi na uku. Kaka bai iya rubutu ba, amma alamarsa ta X tana nan, da shaidu biyu, wata huɗu bayan ranar sandar fartanya. A samanta akwai layi uku da aka ƙara da alƙalami: cewa maƙabartar tudu za ta zauna yadda take, kuma zuri'arsa za su riƙa zuwa, su gyara, su binne nasu. Lauya ya ce bai cika ganin irin wannan ƙari ba, sai mutum ya kafe ƙwarai ake rubuta masa. Ya ce ba zai wanke ka daga saran bishiya ba, amma ka nuna wa alƙaliya.

Ban aiko don in ɓata maka rai ba. Ni da na karanta alfahari na ji.

'Yarka,
Maxine

Dayton
14 ga Mayu

Baffa,

Kana lafiya? Yau kwana goma sha bakwai ba amsa, kuma shekaranjiya ce ranar kotu. Na buga tarho shagon Sugar Cove, yarinyar da ta ɗauka ta ce ta ga motar Arbutus ta wuce da sassafe, ba ta ga ko su waye a ciki ba. In fushi kake da ni, ka rubuto ka zage ni, zan karanta. In ba ka amsa ba kafin ƙarshen mako mai zuwa zan bar Gene da sandarsa in hau bas.

Maxine

Sugar Cove
19 ga Mayu

'Yata Maxine,

Gaisuwa mai yawa. Ki ajiye kuɗin bas. Ina gida, ba a kurkuku ba, kuma ba fushi nake da ke ba. Da Baba nake, kuma shi ba a aika masa wasiƙa. Na yi mako biyu ina buɗe shafi na ukun nan ina rufewa. Alamarsa ce, haka yake yi wa buhunan masara, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Shekara ashirin ya yi bayan nan muna cin abinci a tebur ɗaya, yana jina ina cika baki a kansa, bai taɓa cewa uffan ba. Sai dai yanzu na tuna, duk Ranar Ado shi ke fara isa tudun, ya tsaya a ƙofar shinge kamar mai karɓar baƙi.

Maganar jiha kuwa kin ƙara mini aiki. Da abokin gaba ɗaya gare ni, yanzu biyu, a wannan shekarun.

Arbutus ta tuƙa ni. Mil saba'in tana gaya mini abin da zan ce, na kashe na'urar kunne tun daga gada. Kotun tana hawa na uku, ƙasan sai sheƙi. Alƙaliyar 'yar ƙarama ce mai furfura, muryarta kamar ta malamar makarantar Lahadi. Ta tambaya ko na sare bishiyar. Na ce na sare, kuma da kyau. Ta ce me ya hana ni zuwa ranar bakwai. Na gaya mata maganar saje. Ta ce sajen nan ya jawo wa mutane da yawa wahala. Na ce ina da bayani. Ta ba ni minti biyar. Maxine, minti biyar ɗin suka ƙare kakana bai gama sauke kaya daga keken shanu ba. Ko kusa da 1934 ban je ba.

Sai aka kira Mai Hula. Ashe ya tono wasiƙuna uku. Kin san inda suka shiga? Ofishin Gandu sun tura wa gunduma, wai abin da ke cikin shingen maƙabarta dokar jiha ce ke kula da shi. Gunduma ta mayar musu, wai bishiya ta tarayya ce. Haka sau uku, kowace takarda ta sha hatimi gaba da baya har ba a ganin rubutuna. Alƙaliya ta juya su tana kallon lauyan gwamnati, shi kuma yana kallon takalminsa. Ban iya yin shiru ba, na ce, "Ranki ya daɗe, da tana tsaye ba mai ita. Da ta faɗi sai ga iyayenta biyu." Ta rufe baki da hannu ta yi tari.

Na miƙa mata takardar Baba. Ta karanta layi ukun a hankali, ta ce wannan ya ba ni hanyar zuwa kabari, bai ba ni injin yankan itace ba. Ta ce abu biyu ne a gabana. Ko in amsa laifi, in sa hannu ba zan sake sare ko kara a Gandu ba sai da izini, in yi wa Gandu aikin awa arba'in. Ko in ƙi, ta ba lauya shekararsa. Aka ajiye takarda da alƙalami.

Na daɗe a tsaye. Ina jin Arbutus a baya tana buɗe jaka tana rufewa. Duk jawabin da na tanada yana nan a bakina, kuma har gobe ina ganin gaskiya ne. Amma na tuna yadda ruwan bazara ke cin gefen kabarin Ozella ta wajen gangare, in ba a tada shi da dutse a ƙasa ba kafin lokacin kaka zai zaizaye. Ba wanda ya san wannan sai ni. Na sa hannu. Na rubuta sunana cikakke, a hankali, sai da suka jira.

Aikin kuma, wai in bi Mai Hula mu gyara tsofaffin maƙabartun cikin Gandu da ba mai zuwa. Na tambaya da wane inji, tunda nawa ya zama mai laifi. Alƙaliya ta ce da na gwamnati.

A hanyar dawowa Arbutus ta ce tun da ta san ni yau ne na fara yin abin hankali. Na ce ta kula da titi.

Baffanki,
Vestal

Sugar Cove
16 ga Yuni

'Yata Maxine,

Bayan gaisuwa, na ji ba ku samu zuwa ba saboda ƙafar Gene, ba komai, baɗi. Gwiwata ta kumbura kamar kabewa amma ba na kuka da ita, ta yi aiki.

An yi Ranar Ado. Mutum sittin da ɗaya, har da 'yan gidan Messer daga Tennessee da ba a gan su ba tun mutuwar uwarsu. Na isa tun rana ba ta hau ba. Na tada ƙasar Ozella da ta yaron da ta Inna, na jera dutse ta wajen gangare, na kafa jan furanni. Ta Baba na bari ƙarshe. Na ɗan tsaya a kansa na gaya masa abin da ke raina, ba da ƙarfi ba, sannan na yi masa tudu mafi kyau a wurin. Inda bishiyar take yanzu rana na shiga, kowa ya ce wurin ya yi haske, har waɗanda suka ce na haukace a watan Maris.

Mai Hula ya zo, ba a cikin kayan aiki ba. Ya kawo wani abin kabeji naɗaɗɗe irin na garinsu, matan suka ɗanɗana don kunya, sannan suka cinye. Dewey ma ya zo. Na zaunar da su benci ɗaya, jiha da tarayya, na ce in wani ya yar da ƙashin kaza su sasanta tsakaninsu wa zai kama shi.

Awa arba'in sun cika tun ranar Alhamis. Maƙabartu huɗu muka gyara. Yawanci duwatsun ba rubutu, amma na san masu su, na ɗauki makarar wasu ma. Ina faɗa yana rubutawa. Injin gwamnati ba shi da kaifi, sai da na wasa musu. Saura maƙabartu bakwai, ya ce ba dole. Na ce na sani, ya zo ya ɗauke ni ranar Laraba, don in na bar shi shi kaɗai zai rubuta sunan Hoyle a kan kabarin Crisp.

Yanzu ga aikinki. Da muka tone kututturen, sai ga fili ya buɗe a hannun daman Ozella, na auna da sandar fartanya, daidai ni. Na tambayi Mai Hula wa ake neman izinin binne ni a wurinsa in lokaci ya yi, jiha ko tarayya. Ya sosa sanƙo ya ce a ganinsa duka biyun. To kin ga yadda suka yi da bishiya. Ki fara rubuta musu tun yanzu, kowa tasa, ki haɗa da shafi na uku, ki ajiye kwafi. In sun tura wa juna ki sake aikawa. Su yi a hankali, ni ba sauri nake ba.

Ki gaida Gene da yara.

Baffanki,
Vestal Ledford